Sayen Kwamfutar Gida: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Miƙa Kuɗi

Kwamfutar gida ita ce wadda iyali ke ajiyewa domin hidimomin yau da kullum, kamar buga takarda, lissafin shago, karatun yara, cike fom a intanet, sauraron karatun malamai, da ganawa ta bidiyo da ɗan'uwa mai nisa. Tun shekarar 1981 da kamfanin IBM na Amurka ya fito da samfurin da akasarin kwamfutocin yau suka gaji tsarinsa, na'urar take ta ƙanƙancewa tana ƙara ƙarfi, har ta fito daga ofisoshi da bankuna ta shigo falo da ɗakin kwana. Wayar hannu ta ɗauke wani kaso na aikinta, amma ba ta ɗauke duka ba. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala digiri, da malamin makarantar da zai haɗa sakamakon ajinsa, da 'yar kasuwar da ke son sanin shige da ficen kuɗinta, duk sun san iyakar waya. A Najeriya ma akwai wani dalili na daban: tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, ya shiga zauren da nauyi biyu a kansa.

Matakin farko na saye ba a shago yake ba, a gida yake. Maigida da uwargida da waɗanda za su yi amfani da na'urar su zauna su faɗi aikin da za ta yi, dalla-dalla. Yawancin gidaje bukatarsu ba ta wuce rubutu, lissafi, intanet da bidiyo ba, kuma matsakaiciyar kwamfuta ta ishe su har da rara. Kaɗan ne ke da mai haɗa fim, ko mai zanen gini, ko mai wasannin bidiyo masu nauyi, kuma su ne kawai ke bukatar na'ura mai tsada da ke ɗauke da katin hoto na musamman. Asarar da aka fi yi a wannan fage iri biyu ce. Wani ya zuba kuɗi a ƙarfin da har na'urar ta tsufa ba zai taɓa shi ba, saboda kawai ya ga irinta a hannun aboki. Wani kuma ya bi araha ya ɗauko wadda ba ta iya buɗe shafi biyar a lokaci guda, bayan wata uku ta koma ƙarƙashin gado. Na biyun ya fi yawa, kuma asararsa ta fi ciwo, domin galibi mai ƙaramin ƙarfi ne da ya daɗe yana tari.

Daga nan sai batun siffa, wato ta tebur ko ta tafi-da-gidanka da aka fi sani da laftof. A littattafan da ake rubutawa a Turai da Amurka, ana yawan fifita ta tebur ga wanda ba ya yawo da na'ura, kuma hujjojinsu na gaskiya ne: da kuɗi ɗaya ta fi ba da ƙarfi, ta fi shan iska, allonta ya fi faɗi, kuma duk abin da ya lalace a cikinta ana cire shi a sa wani. Sai dai waɗancan littattafai an rubuta su ne a inda wuta ba ta ƙiftawa. A Kano ko Gusau ko Damagaram, inda ake ɗauke wuta ba sallama, lissafin ya juya. Kwamfutar tebur tana mutuwa nan take da zarar wuta ta tafi, aikin da ba a adana ba ya tafi da ita, kuma yawan mutuwar bazata yana lalata fayiloli, wani lokaci har babbar manhajar kanta. Dole a haɗa mata da UPS, wato ƙaramin akwatin batir mai riƙe ta na 'yan mintoci har a kashe ta cikin tsari, shi ma batirinsa yana gajiya ana sauyawa. Laftof kuwa da batirinta take tafe. Cajarta galibi wat 45 ce ko 65, alhali tsohuwar kwamfutar tebur tare da allonta takan haura wat 100. Ga gidan da ke dogaro da ƙaramar sola ko inbata, wannan bambanci shi ne tsakanin na'urar da ake aiki da ita har dare da wadda ake jira sai an tayar da janareta. Saboda haka a mafi yawan gidajen ƙasar Hausa, laftof ce ta fi dacewa. Wanda ke da tsayayyar wuta, ko mai shagon buga takardu, shi ne ta tebur za ta yi wa rana. Akwai kuma ƙananan akwatuna da ba su wuce tafin hannu biyu ba, masu cin wuta kaɗan, waɗanda ake jona wa allo ko talabijin, kuma sun cancanci a duba su.

Inda aka fi yaudarar mai saye shi ne wajen furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafin komai. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan fage a kwamfutocin Windows, Intel da AMD. Intel ta daɗe tana jera nata da sunayen Core i3, i5, i7 da i9, AMD kuma Ryzen 3, 5, 7 da 9. A kasuwa an saba jin mai shago yana cewa wannan i7 ce, kamar magana ta ƙare, mai saye kuma ya ji cewa 7 ta fi 5 sai ya ciro kuɗi. Amma wannan lamba ajin furosesa kawai take nunawa a cikin tsararta, ba ta faɗin shekarunta. Shekarun suna cikin lambobin da ke biye. A cikin i7-3520M, lambar 3 ta farko na nufin zubi na 3, wanda ya fito a 2012, kuma ƙwayoyin aikinta 2 ne. A cikin i5-8250U, lambar 8 na nufin zubi na 8, na shekarar 2017, mai ƙwayoyin aiki 4. Wannan i5 ta fi waccan i7 sauri nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta tattalin batir. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-1135G7 da ke nufin zubi na 11. Duk mai sayen da ya iya karanta waɗannan lambobi ya tsallake babban ramin da ke kasuwar kwamfuta. Kuma ba takardar da aka manna a jikin na'ura ake dubawa ba, domin ana iya ɓare ta a manna wata. A kunna na'urar a shiga saituna, wurin bayanin na'ura, can ne take faɗin gaskiyar abin da ke cikinta.

Zubi na 8 ba don kwalliya aka ambace shi ba. Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 11 a watan Oktoban 2021, ya kuma gindaya mata sharuɗɗa: furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000 zuwa sama, ban da 'yan tsirarun da aka keɓe, tare da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Sannan ya sanya ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin tsaro ga waɗanda suka yi rajistar wani shiri na musamman. Daina tallafi ba ya nufin na'ura za ta ƙi kunnuwa. Abin da yake nufi shi ne an daina toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa, sannan sannu a hankali sauran manhajoji su janye. An ga haka da Windows 7, wadda tallafinta ya ƙare a Janairun 2020, a farkon 2023 kuma manhajar Chrome ta daina sabunta kanta a kanta. Abin damuwar shi ne, duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, kamfanoni da makarantun Turai da Amurka sukan sallami tsofaffin na'urorinsu, kuma wani kaso mai yawa a kasuwannin Afirka yake sauka. Masu gyara na iya ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura ta bayan fage, tana kuma aiki, amma kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Gidan da zai riƙa shiga asusun banki da na'urar bai kamata ya sayi abin da ya gaza zubi na 8 ba, komai kyan jikinsa.

A ƙasan jerin akwai furosesoshi masu suna Celeron da Pentium da Atom, waɗanda ake sa wa sababbin kwamfutoci masu rahusa. Suna zuwa a kwali, jikinsu na sheƙi, farashinsu na jan hankali, amma ƙarfinsu kaɗan ne. Sau da yawa kwamfutar ofis ta hannu mai i5 zubi na 8 ta fi irin wannan sabuwar amfani.

Bayan furosesa, abu na biyu shi ne RAM, na uku kuma rumbun ajiya, kuma mutane kan rikita su domin duka da gigabait ake auna su. Misalinsu kamar shagon tela ne: rumbun ajiya shi ne durowar da ake jibge yaduka, RAM kuwa teburin da ake shimfiɗa yadin da ake yanka a yanzu. Idan teburin ƙarami ne, komai ƙwarewar tela sai ya yi ta naɗe wannan yana warware wancan, aiki ya yi ta jan ƙafa. Microsoft ta ce gigabait 4 ne mafi ƙarancin RAM ga Windows 11, amma wannan na kunnawa ne kawai, ba na jin daɗin aiki ba. Gigabait 8 shi ne ƙasan abin da ya dace a saya yau, 16 kuma ya fi kwanciyar hankali ga wanda ke son na'urar ta kai shekara biyar ko fiye. Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali tana da muhimmanci: shin RAM ɗin ana iya ƙara shi? A siraran laftof da yawa na zamani an narke shi ne a jikin babban allon da ke cikin na'ura, yadda aka saya haka za a rabu. Wadda ke da gurbin ƙari tana ba mai ƙaramin ƙarfi damar farawa da 8 ya ƙara idan hali ya samu.

Rumbun ajiya iri biyu ne a kasuwa. Tsohon, wanda ake kira had-dis, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karanta shi. Sabon, wato SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Had-dis na laftof yakan karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari yakan kai 500, nau'in NVMe kuma yana shiga dubbai. A aikace ma tazarar ta fi haka, domin SSD ba ya ɓata lokaci wajen neman inda fayil yake. Shi ya sa kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta farka, idan aka sauya mata SSD sai ta farka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Babu wani gyara guda da ke sauya halin kwamfuta kamar wannan. SSD ya kuma fi jure jijjiga da faɗuwa, abin da ya shafi duk na'urar da za ta hau babur ko ta shiga hannun yara. A nan ma lamba na ruɗi. Mai shago zai nuna wadda ke da had-dis mai terabait 1 kusa da mai SSD na gigabait 256, ido kuma ya tafi ga babbar lamba. Ta biyun ce ta fi. Gigabait 256 ya ishi takardu da hotunan gida, 512 ya ba da sarari, finafinai kuma ana iya tara su a rumbun waje da ake jonawa ta USB. Wanda za a guje masa shi ne ƙaramin rumbu mai suna eMMC na gigabait 32 ko 64, wanda Windows kaɗai ke cinye mafi yawansa. Kuma idan aka sayi terabait 1 aka ga Windows ta nuna gigabait 931, ba cuta aka yi ba, bambancin hanyar ƙidaya ne tsakanin masu ƙera rumbu da manhajar.

Allo da madannai su ne abin da ido da yatsu za su zauna da su shekaru, amma su ake dubawa a ƙarshe. Girman inci 14 ya fi sauƙin ɗauka, 15.6 ya fi daɗin kallo kuma yakan zo da madannan lambobi a gefe, masu amfani ga mai lissafi. Allo mai ɗigo 1920 sau 1080 ya fi mai 1366 sau 768 tsabtar rubutu, nau'in IPS kuma ba ya dusashewa idan an kalle shi daga gefe, wanda ke da amfani idan yara uku za su taru a kan darasi ɗaya. Madannai kuwa suna bin ƙasar da na'urar ta fito. Na Ingila da Amurka layinsu na sama yana farawa da QWERTY, shi aka saba da shi a Najeriya da Gana. Na Faransa yana farawa da AZERTY, shi ya fi yawa a Nijar da Chadi. Wanda ya koyi bugu a kan ɗaya zai sha tuntuɓe a ɗayan, don haka ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya yi atisaye a kan irin wanda zai tarar a zaure. Na'urorin da ke zuwa daga Dubai ko Saudiyya sukan zo da haruffan Larabci a kan madannan, kuma wannan riba ce ga malamin Islamiyya ko mai rubutun ajami. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa bukatar wata na'ura ta daban. A cikin saitunan harshe na Windows akwai tsarin madannai na Hausa da ake kunnawa kyauta.

Sai babbar tambayar da ke gaban kowane mai saye, sabuwa ko ta hannu. Tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tsalle, sabuwar kwamfuta mai inganci ta fi ƙarfin gidaje da dama. Shi ya sa kasuwannin da aka sani da wannan harka, irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, da Banex a Abuja, da titin Beirut da Farm Centre a Kano, suke cike da na'urorin da ake kira tokumbo. Sayen ta hannu ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa shi ne hikima, muddin an san wadda za a ɗauka. Manyan kamfanoni suna ƙera layi biyu, na gida da na ma'aikatu. Na ma'aikatu, kamar ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook da ProBook na HP, an yi su ne domin a yi ta buɗewa ana rufewa kullum tsawon shekaru. Maƙallan murfinsu sun fi ƙarfi, buɗe cikinsu ya fi sauƙi, kayan gyaransu kuma sun wadata a kasuwa saboda yawansu. Abin da sabuwa ta fi ta hannu da shi shi ne sabon batir da garanti, galibi na shekara ɗaya. Shi ma garantin a tambaya ko yana aiki a ƙasar da ake, domin na'urar da aka sayo don kasuwar wata nahiya ba lallai wakilin kamfanin na nan ya karɓe ta ba. Akwai kuma waɗanda aka yi wa kwaskwarima aka mayar kwali ana sayarwa da sunan sababbi. Lambar shaida da ke ƙasan na'ura, idan aka shigar da ita a shafin kamfanin, tana nuna samfurin da lokacin da garantinta ya fara, kuma wannan bincike bai fi minti biyu a waya ba.

Ta hannu ba a sayenta a kashe, kuma ba a aika wani ya ɗauko bisa hoton da aka turo, domin wannan cinikin biri a sama ne. A zauna a shagon a kunna ta. A buɗe farin shafi sannan baƙi, a duba ko akwai tabo ko layi a allon. A danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. A jona filas a kowace kafar USB, a gwada kyamara da lasifika da makirufo, a haɗa ta da intanet ɗin waya. A buɗe murfin a rufe a ji ko maƙallan sun saki. A bar bidiyo yana tafiya kamar minti goma sha biyar, a saurari fanka, a taɓa ƙasanta a ji zafi. Batir shi ne ya fi saurin tsufa, kuma jin cewa yana yin awa huɗu daga bakin mai shago ba hujja ba ce. Windows na da umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. Idan ya sauka zuwa rabi, a sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai ko ya buɗe gefen na'ura haɗari ne, yana iya kamawa da wuta. A kuma tabbatar babu kalmar sirri a ƙofar BIOS, wato saitunan da na'ura ke farawa da su kafin Windows, kuma na'urar ba ta neman a shiga da asusun wata ma'aikata ko makaranta. A kwamfutocin Apple, wadda ke ɗaure da asusun iCloud na wani ba ta da amfani ga kowa sai mai asusun. Irin waɗannan makullai sukan nuna cewa kayan bai bar hannun mai shi ta hanyar da ta dace ba. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar na'urar da kwanakin gwaji da aka yi yarjejeniya a kai. Wannan takarda ita ce mafaka idan na'urar ta ba da matsala, ita ce kuma shaida idan wata rana aka ce kayan sata ne.

Game da babbar manhaja, Windows ce ta fi yawa, kuma kowane mai gyara ya san ta. Kwamfutocin Apple, musamman tun da kamfanin ya fara sa furosesarsa ta M1 a 2020, suna da ƙarfi da riƙe caji sosai, amma tsadarsu da tsadar gyaransu sun sa ba su ne zaɓin yawancin gidaje ba. Chromebook na da araha da sauƙi, sai dai an gina ta ne bisa zaton intanet na nan kullum, kuma ba ta ɗaukar manhajojin Windows. Ga wanda ke da tsohuwar na'urar da ta gaza sharuɗɗan Windows 11, akwai Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne kuma ana sabunta su. LibreOffice ma kyauta ce, tana rubutu da lissafi, tana kuma buɗe fayilolin Word da Excel. Wannan ya fi al'adar da ta zama ruwan dare, ta a cika wa mai saye na'ura da manhajojin da aka fasa makullinsu a matsayin gyara. Irin waɗannan manhajoji suna daga cikin manyan hanyoyin da ƙwayoyin cutar kwamfuta da masu satar kalmar sirri ke shiga gida. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, kuma ya wadatar ga amfanin gida idan ana barinsa yana sabuntuwa.

Kuɗin kwamfuta ba ya ƙarewa a farashin da aka biya a shago, don haka a ware wani abu tun farko. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan yi sama ta yi ƙasa, musamman lokacin da aka dawo da ita ko aka juya zuwa janareta. Soket mai kariya daga tsallen wuta, ko sitabilaiza, ya fi sabon babban allon na'ura araha. Caja ta asali ma haka, domin jabun caja na kashe batir, wani lokaci ta ƙone na'urar. Yawancin cajojin laftof suna karɓar bolt 100 zuwa 240, an rubuta a jikinsu. Amma wasu tsofaffin kwamfutocin tebur da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, kuma idan aka jona su yana kan 115, nan take tukunyar wutar za ta ƙone. Data ma kuɗi ce: sabuntawar Windows na iya lashe gigabait da yawa a zama ɗaya, shi ya sa ake saita layin a matsayin mai awo, domin na'urar ta rage saukar da kaya ba da izini ba. Sai jaka mai laushin ciki, da linzami, da rumbun waje ko filas da za a riƙa kwafe muhimman takardu a kai, domin kowane rumbu yana da ranar mutuwarsa, kuma SSD idan zai mutu ba ya yawan yin gargaɗi.

Yanayin ƙasa shi ma yana da hannu a zaɓe. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafofin iska ta toshe fanka, zafin bazara kuma yana gajiyar da batirin lithiyam da wuri, yana kuma tilasta wa furosesa rage gudu domin kare kanta. Na'urar da ake kwance ƙasanta da sukurori kaɗan a share ta fi dacewa da nan a kan siririyar da aka manne da gam. Ɗora laftof a kan katifa ko darduma yana toshe mata numfashi, tebur ko faffaɗan katako ya fi. Sharar fanka sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, tana ƙara mata kwana.

Kafin a yanke shawara a kan kowane samfuri, yana da kyau a leƙa wurin mai gyaran da ke garin, ba mai sayarwa ba, a tambaye shi ko ana samun allon wannan na'ura da batirinta da madannanta a kusa, da kuma nawa suke. Shi ne ke ganin waɗanda ake yawan kawowa da karyayyen murfi ko ƙonannen allo, kuma ba shi da kayan da yake son ya sayar. Ga gidan da bukatarsa rubutu ce da karatu da intanet, laftof ɗin ma'aikatu mai i5 daga zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 5 makamanciyarta, da RAM gigabait 8 mai gurbin ƙari, da SSD na gigabait 256, da batir mai lafiya, za ta yi aikin shekaru. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, gara ya ƙara haƙurin wata biyu ko uku yana tari da ya ɗauki abin da ya gaza haka.